Haɗa rassa da rumbun bayanan babban ofis a Gombe ba tare da an buɗe wa duniya ƙofa ba

Ranar da manhajar reshe ta ƙi haɗuwa da rumbun bayanai, ga masu saye sun yi layi, ga Alhaji yana ta kira daga babban ofis, mai kula da kwamfutoci yakan yi ɗaya cikin uku. Ko ya buɗe ƙofar rumbun ga intanet gaba ɗaya, ko ya kashe tantance takardar shaidar saba, ko ya tura wa yaron reshe kalmar sirrin babban asusu ta WhatsApp. Nan take aiki ya tashi, a ce gobe za a mayar da komai yadda yake, shi ke nan an manta. A ganina ta nan tsaron bayanai ya fi zubewa a kamfanoni da asibitoci da makarantunmu, kuma ba na ɗora wa ma'aikaci laifin duka. Yawancin umarnin da muke kwafowa daga intanet an rubuta su ne don wuraren da wuta ba ta ɗaukewa, layi ba ya yankewa, kowane ofis kuma yana da adireshin IP nasa na dindindin. Mu kuwa wutar JED ce, wato kamfanin rarraba lantarki na Jos, sai janareta, sai inbata, intanet ɗin kuma na SIM ne ko Starlink. Haɗin da ba a gina shi don wannan yanayi ba dole ya riƙa tsinkewa, kuma duk lokacin da ya tsinke wani zai cire masa shinge ɗaya don aiki ya tafi.

Mu ɗauki misalin kamfanin sayar da taki da iri da maganin feshi. Babban ofis yana cikin garin Gombe, can sabar take da rumbun PostgreSQL. Akwai rassa a Kumo, Billiri, Bajoga da Dukku, kowanne da kwamfuta ɗaya ko biyu da MiFi, wato ƙaramar rauta mai SIM, na MTN ko Airtel. Akanta yana son jawo lissafi cikin Excel, wasu dillalai kuma suna biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet. Duk abin da zan faɗa ya shafi mai amfani da MySQL ko SQL Server, sunayen saitin ne kawai suka bambanta.

## Ƙofar rumbu

Kowane rumbu yana da lambar ƙofar da yake sauraro: PostgreSQL 5432, MySQL 3306, SQL Server 1433, MongoDB 27017, Redis 6379. Akwai na'urorin da aikinsu dare da rana shi ne ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi a kowane adireshi na intanet, kuma shafuka irin su Shodan da Censys suna jera abin da aka samu a buɗe don kowa ya duba. A watan Janairun 2017 an share dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka bar wa masu su saƙon neman kuɗin fansa. Ba wanda ya zaɓi waɗannan kamfanoni don girmansu, a buɗe aka same su. Sauya lambar ƙofa daga 5432 zuwa wata ba ya hana komai, domin mai bincike yana bin lambobin ne duka.

Ka fara da ganin abin da sabarka ke saurara da `ss -tlnp`. Idan ka ga `0.0.0.0:5432`, rumbun yana amsa wa kowa ta kowace hanya. Sannan ka gwada daga waje, ka haɗa laftof da datar wayarka ka yi `nmap` a kan adireshin sabar, don abin da kake gani daga ciki ba lallai ya zama abin da na waje yake gani ba.

Masu amfani da Docker su kula da wani tarko. Idan ka rubuta `-p 5432:5432`, Docker yana shigar da nasa ƙa'idodin cikin iptables, katangar tsaron Linux, kuma suna aiki kafin na ufw, manhajar da aka saba saita katangar da ita. Sai ka duba `ufw status` ka ga ƙofar a rufe, alhali a buɗe take. Rubuta `-p 127.0.0.1:5432:5432`, ko ka sa adireshin bututun da za mu yi magana a kai yanzu.

## Kowa ya kira waje

Mutane da yawa sun ɓata yini suna saita rauta don ta tura ƙofa zuwa saba, abin ya ƙi, suka ɗauka rautar ce ta lalace. Shiga shafin rautar ka duba adireshin da kamfanin sadarwa ya ba ta. Idan yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, ko ya fara da 10, to kana bayan CGNAT ne, wato kai da wasu masu yawa kuna raba adireshin waje guda. Layukan SIM haka suke yawanci, kuma Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, haka yake ba da tsarinsa na gida. Ba wanda zai iya kiranka daga waje. Wannan ba asara ba ce, domin tsarin da ya fi aminci shi ne wanda ba ya buƙatar a kira ka: a yi hayar ƙaramar saba mai adireshi na dindindin ta zama cibiya, babban ofis da kowane reshe su kira ta, ta haɗa su.

Don wannan aiki WireGuard na fi so, manhajar da ke shimfiɗa bututu, wato kulllalliyar hanya tsakanin na'ura biyu ta cikin intanet. Yana cikin ƙwayar Linux tun sigar 5.6 ta Maris 2020, yana da manhajar Windows da Android, rautocin MikroTik masu RouterOS 7 ma suna da shi. Ba ya amsa wa wanda ba shi da mabuɗin da ya sani, don haka mai ƙwanƙwasa ba ya ma gane akwai wani abu a wurin. Kuma idan adireshin MiFi ya sauya, abin da ke faruwa kullum, bututun yana ci gaba da kansa. Ga fayil ɗin kwamfutar reshen Kumo:

```
[Interface]
PrivateKey = mabuɗin sirrin wannan kwamfuta
Address = 10.20.0.11/32
MTU = 1280

[Peer]
PublicKey = mabuɗin fili na cibiya
Endpoint = adireshin IP na cibiya:51820
AllowedIPs = 10.20.0.2/32
PersistentKeepalive = 25
```

Kowane layi a nan yana da dalili. Mabuɗin sirri a kan ita kwamfutar ake ƙirƙirarsa da `wg genkey`, na filin kaɗai ake turawa cibiya. Kowace na'ura da nata. Idan rassa huɗu suna raba mabuɗi ɗaya, ranar da aka sace laftof a Bajoga sai ka sauya wa kowa, kuma ko ba sata, biyu ba za su yi aiki a lokaci guda ba don cibiya tana mayar da amsa ne ga wanda ya yi magana a ƙarshe.

`AllowedIPs` na sa adireshin sabar rumbu kaɗai, 10.20.0.2. Wasu suna sa `0.0.0.0/0`, sai duk kallon bidiyon reshe ya bi ta cibiya, ya cinye data, ya sa manhaja nauyi. A can cibiya kuma, kowane reshe a rubuta masa adireshinsa shi kaɗai da `/32`, a kunna `net.ipv4.ip_forward=1`, sannan katangar tsaro ta bar zirga-zirga ɗaya tak: daga rassa zuwa 10.20.0.2 a ƙofa 5432. Kumo ba shi da abin yi a kwamfutar Dukku. Idan cutar kwamfuta ta shiga reshe ɗaya ta filas, wannan ƙa'idar ce za ta hana ta zagaya sauran.

`PersistentKeepalive = 25` yana tura ɗan saƙo duk daƙiƙa 25. Na'urar CGNAT tana mantawa da hanyar UDP da ta yi shiru, wani lokaci cikin ƙasa da minti ɗaya ko biyu. Sabar babban ofis ita ta fi buƙatar wannan layi, tunda jira take a neme ta. In babu shi za ka ga abin mamaki: reshe ba ya samun rumbu sai wani a babban ofis ya taɓa bututun, sai ya yi aiki na ɗan lokaci ya sake mutuwa.

MTU, wato iyakar girman ƙunshin saƙo ɗaya da hanya ke karɓa, shi ne wanda ya fi wahalar da mutane, don alamarsa ba ta nuna shi. `ping` yana tafiya, ana shiga manhaja, ana sayar da buhu ɗaya, amma da an nemi rahoton wata sai allo ya tsaya cak. WireGuard yana ƙara wa kowane ƙunshi bayit 60 a kan IPv4, 80 a kan IPv6, shi ya sa yake ɗaukar 1420 idan hanya tana karɓar 1500. Layukan waya da yawa ba sa karɓar 1500, kuma saƙon da zai sanar da cewa ƙunshi ya yi girma sau da yawa ba ya dawowa. Ƙananan ƙunshi su wuce, manya su ɓace shiru. Gwada da `ping -M do -s 1372` a Linux, ko `ping -f -l 1372` a Windows, zuwa adireshin cibiya da ke `Endpoint`. Ƙara 28 ka sami 1400. Ka riƙa rage lambar har ta wuce, ka cire 80 daga jimlar, abin da ya rage shi ne MTU ɗinka. Wanda ba shi da lokacin gwaji ya sa 1280, asarar gudun ba ta kai a damu ba.

Na zaɓi 10.20.0.0 da gangan. Rautar Starlink tana amfani da 192.168.1.1, MiFi na Huawei 192.168.8.1, na ZTE da yawa 192.168.0.1, MikroTik 192.168.88.1. Idan adireshin bututu ya yi karo da na rautar reshe, kwamfuta za ta nemi sabar a cikin ɗaki maimakon cikin bututu.

Sauran matsaloli biyu daga wuta suke zuwa. Ta farko: ka saita `listen_addresses = 'localhost,10.20.0.2'` a PostgreSQL, komai lafiya. Inbata ta mutu da dare, da safe aka tada janareta, PostgreSQL ya riga bututu tashi, ya nemi 10.20.0.2 bai same shi ba, ya rubuta gargaɗi a rajista ya ci gaba da sauraron `localhost` kaɗai. Saba tana aiki, bututu yana aiki, rassa ba sa shiga. Daidai nan ne ake mayar da saitin zuwa `*`, wato a saurara ta kowane adireshi. Maganin gaskiya layi biyu ne: a `systemctl edit` na hidimar PostgreSQL ka sa `After=wg-quick@wg0.service` da `Wants=wg-quick@wg0.service`. Saboda wannan dalilin ne ma na sa lambar IP a `Endpoint` maimakon suna, don kwamfuta takan riga rauta tashi, ta kasa fassara sunan.

Ta biyu agogo ne. Tsofaffin kwamfutocin tebur da muke saya suna da ɗan batir CR2032 a kan allon uwa. Idan ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Takardar shaidar TLS, tsarin kulle haɗi da tantance saba, za ta zama wadda lokacinta bai yi ba, lambobin tantancewa masu sauyawa duk daƙiƙa 30 za su ƙi, WireGuard ma zai ƙi gaisawa, domin cibiya tana riƙe lokacin gaisuwar ƙarshe ta kowane reshe, ba ta karɓar wadda ta gaza shi. Idan kuma agogon gaba ya yi tsalle sannan aka gyara, sai an cire reshen a cibiya an mayar kafin ya shiga. Batirin ba shi da tsada. A sauya shi a kowace kwamfutar reshe tun ranar da aka kafa ta, a kunna daidaita agogo ta NTP, a bar UDP 123 ya fita kai tsaye ba ta bututu ba.

Ina za a ajiye cibiyar? Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, MainOne, SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Najeriya, bankuna ma suka ji a jikinsu. Wanda cibiyarsa ke Turai, tafiyar Kumo zuwa Gombe sai ta ratsa teku ta dawo. Saba a Legas ko Abuja ta fi kusa, amma kada ka yarda da taswira, ka auna: yi `ping` da `mtr` daga kowane reshe, a kan kowane layi, da safe da kuma bayan la'asar.

Wanda ba ya son kula da cibiya da kansa yana iya ɗaukar Tailscale, wanda a kan WireGuard aka gina shi, yana kuma ratsa CGNAT da kansa. Abu biyu zai sani: ƙa'idarsa ta farko tana barin kowace na'ura ta ga kowace, sai ka taƙaita da hannunka, kuma adireshinsa daga rukunin 100.64 yake ɗauka, wanda kan yi karo da na wasu layuka. Kuɗinsa na kamfani da dala ne. Headscale da NetBird ana iya ɗora su a sabar kai.

## Bututu bai isa ba

A tsarin cibiya, saƙon Kumo yana isa cibiya a kulle, ta buɗe shi, ta sake kulle shi zuwa Gombe. Wanda ya mallake cibiyar zai ga komai idan babu wani kulli a ciki. Don haka TLS a kan haɗin rumbun kansa wajibi ne, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin mai yin sa yana ganin ya gama tsaro.

A PostgreSQL, in ba ka faɗa ba, `sslmode` yana kan `prefer`: a gwada kullewa, in ta ƙi a tafi a buɗe. `require` yana tilasta kullewa amma ba ya tambayar wa ke ɗaya ɓangaren. Kamar ka liƙe kuɗi a ambulan da kyau ne, ka je tasha ka miƙa wa duk wanda ya ce shi ne direban Kumo. `verify-ca` yana duba wanda ya sa hannu a takardar, `verify-full` yana ƙarawa da duba ko sunan da ke takardar shi ne sunan sabar da ka nema. Na ƙarshen shi ne abin sawa. A MySQL takwaransa `VERIFY_IDENTITY` ne, a sabar kuma a kunna `require_secure_transport`.

Masu SQL Server sun san wannan ciwon. Tun daga direban ODBC na 18, wanda ya fito a 2022, Microsoft ta mayar da kullewa dole in ba a ce akasin haka ba. Manhajojin da suka yi shekaru suna aiki suka fara kukan cewa ba su amince da takardar shaida ba, amsar da ta fi yawo kuma ita ce a ƙara `TrustServerCertificate=yes`. Wannan layin cewa yake a karɓi kowace takarda daga kowa. 'Yan'uwansa su ne `verify=False` a Python, `rejectUnauthorized: false` a Node, `-k` a curl, da kashe `CURLOPT_SSL_VERIFYPEER` a PHP. Ka yi `grep` na waɗannan a duk manhajar da aka miƙa maka kafin ka sa hannu ka karɓa.

Gyaran shi ne sabar ta sami takardar da za a iya tantancewa. Ga rumbun cikin gida, na fi ganin kamfani ya kafa nasa tushen sa hannu da openssl ko step-ca. Mabuɗin tushen a ajiye shi a filas cikin akwatin kuɗi, ba a kan saba ba. A ba sabar takardar shekara ɗaya, sunanta a cikin filin SAN, inda ake jera sunayen saba a takarda. A kwafa takardar tushen zuwa kowace kwamfuta: `~/.postgresql/root.crt` a Linux, `%APPDATA%\postgresql\root.crt` a Windows, ko a nuna wurinta da `sslrootcert`. Let's Encrypt, mai ba da takardun shaida kyauta, shi ma yana yiwuwa ta hanyar tantancewar DNS, tunda sabar ba ta ganuwa daga waje, amma takardunsa kwana 90 ne, kuma tun Yunin 2025 ya daina tura imel na tunatarwa. Wa'adin duk takardun jama'a ma raguwa yake: kwana 200 daga Maris 2026, 100 daga Maris 2027, 47 daga Maris 2029. Sabuntawa da hannu ta ƙare ke nan. Ko wacce ka zaɓa, ka sa wani ɗan aiki da zai duba ranar ƙarewa kullum da `openssl s_client -starttls postgres`, ya turo maka saƙo saura kwana 20. Kuma bayan sabuntawa sai an ce wa PostgreSQL ya sake karanta saiti, in ba haka ba tsohuwar zai ci gaba da nunawa.

A `pg_hba.conf`, fayil ɗin da PostgreSQL ke duba wa zai shiga kuma daga ina, kowane reshe da layinsa:

```
hostssl  ciniki  reshe_kumo  10.20.0.11/32  scram-sha-256
```

Asusun Kumo daga kwamfutar Kumo kaɗai zai shiga, kuma a kulle. Duk layin da ke da `trust` ko `0.0.0.0/0` a goge shi.

Mai rubuta manhaja da ke son leƙa rumbu daga gida ba ya buƙatar a buɗe masa komai, `ssh -N -L 5433:127.0.0.1:5432` ta cikin bututu ya ishe shi, da mabuɗin ed25519, an kashe shiga da kalmar sirri. `verify-full` zai ƙi don sunan ya zama `localhost`. Ya sa sunan sabar na gaskiya a `host`, ya sa 127.0.0.1 a `hostaddr`.

Duk da haka, in ana rubuta sabuwar manhaja ne, ban ba da shawarar reshe ya yi magana da rumbu kai tsaye ba. Buɗe haɗi ɗaya da PostgreSQL yana cin tafiya da dawowa kusan shida: ɗaya ta TCP, ɗaya ta neman kullewa, ɗaya ta TLS 1.3, uku na tantance kalmar sirri. A layin da tafiya da dawowa ke ɗaukar milisakan 150, an kusa cinye daƙiƙa guda kafin a tambayi komai, kuma manhajar da ke buɗe sabon haɗi a kowane danni haka za ta yi ta yi. Haɗin da ya mutu sanadin yankewar layi kuma yana nan riƙe da gurbi, Linux ba ya fara bincikarsa sai bayan daƙiƙa 7200, gurbin kuwa 100 ne a saitin farko. A rage `tcp_keepalives_idle` zuwa 60, a sa PgBouncer, mai tara haɗi ya riƙa sake amfani da su, a gaban rumbun. Mafi kyau, a sa API, wato manhajar da ke karɓar saƙon reshe ta yi magana da rumbu a madadinsa, a kusa da rumbu, reshe ya rubuta ciniki a SQLite na cikin kwamfutarsa, ya tura idan layi ya dawo. Kowane ciniki a ba shi lambar UUID, wadda ba ta maimaituwa, tun a reshe, rumbu ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu, domin layi yakan yanke bayan saƙo ya isa kafin amsa ta dawo, manhaja ta sake turawa, buhu goma su zama ashirin a lissafi. Manhajar waya kuwa kada a taɓa sa mata kalmar sirrin rumbu. Fayil ɗin APK ana warware shi da jadx cikin mintoci.

## Asusu da mabuɗai

Akanta karatu yake buƙata, ba rubutu ba. A yi masa asusunsa, a ba shi `SELECT` a kan wasu `VIEW` da aka cire musu lambobin waya da na asusun banki, Excel ɗinsa ya shiga da wannan ta ODBC. Mai Power BI ya kafa manhajar data gateway ta Microsoft a wata kwamfuta a ofis. Ita ma waje take kira, ba ta buƙatar a buɗe mata komai. Asusun `postgres` ko `sa` ko `root` bai kamata ya bayyana a saitin kowace manhaja ba.

A 2024 an kwashe bayanan kamfanoni kusan 165 masu amfani da Snowflake, kamfanin da ke ajiye wa kamfanoni bayanai a intanet. Binciken kamfanin tsaron kwamfuta na Mandiant ya nuna ba a fasa Snowflake ɗin ba. Kalmomin sirri ne da aka sato daga kwamfutocin da suka kamu da cuta, wasu tun shekarun baya, ba a sauya su ba, kuma asusun ba su da tantancewa ta biyu. Shafin kamfanin da ka yi hayar cibiya, da GitHub, da imel ɗin da ake dawo da kalmar sirri ta cikinsa, duka a sa musu tantancewa ta biyu, ta manhaja ba ta SMS ba, saboda satar layi.

Fayil ɗin `.env` ya shiga `.gitignore` tun ranar farko. Idan ya taɓa shiga git, goge shi bai wadatar ba, yana nan a tarihi. Mabuɗin ya ƙone, a sauya shi. gitleaks yana bincika tarihin duka.

Sanarwar biya ta Paystack ita kaɗai ce ke buƙatar adireshin da duniya ke gani. A karɓe ta a cibiya ta nginx, ko ta Cloudflare Tunnel, a miƙa wa API. Kowa zai iya tura saƙon ƙarya zuwa wannan adireshi yana cewa an biya, don haka a duba `x-paystack-signature`: HMAC SHA512 ne na jikin saƙon da mabuɗin sirrinka. A lissafa shi a kan jikin saƙon yadda ya iso, kafin a warware JSON, don sake haɗa shi yakan sauya tazara ko jerin filaye, sa hannun ya ƙi daidaita, mutum ya gaji ya cire binciken. A kwatanta da `hash_equals` ko `timingSafeEqual`. Sannan a duba adadin, wanda da kobo yake zuwa: naira 45,000 za ta zo 4500000. Paystack yana maimaita turowa idan bai sami amsar 200 ba, don haka lambar shaidar biyan ma kada rumbu ya karɓe ta sau biyu.

Dokar kare bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai, NDPC, cikin awa 72 idan an sami ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Tarar tana kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa, ga manyan masu riƙe bayanai, miliyan 2 ko kashi 2 ga sauran. Ta kuma gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, abin dubawa ga mai son ajiye rumbu a waje. Ba za ka iya faɗin abin da aka ɗauka cikin awa 72 ba in ba ka da rajista. Kunna `log_connections` da `log_disconnections`, ka sa sunan asusu da adireshi a `log_line_prefix`, ka riƙa tura kwafin rajistar zuwa wata na'ura dabam, don wanda ya shiga saba rajista yake fara gogewa. Tunda kowane reshe da asusunsa da adireshinsa, layi ɗaya zai gaya maka daga ina aka shiga da ƙarfe biyun dare.

Ranar da ma'aikaci ya bar aiki ko aka sace na'ura, a cibiya ka yi `wg set wg0 peer` da mabuɗinsa da `remove`, ka kuma goge shi daga `wg0.conf`, in ba haka ba zai dawo da zarar an sake tada sabar. A rumbu ka yi `ALTER ROLE` da `NOLOGIN`, amma wannan sabon shiga kawai yake hanawa. Wanda ke ciki yana nan har sai ka kore shi da `pg_terminate_backend`. Cire mabuɗinsa daga `authorized_keys` na kowace saba, ka sauya duk kalmar sirrin da ya taɓa gani, har da mabuɗin Paystack idan ya yi aiki a kan API. A rubuta waɗannan matakai a takarda ɗaya, da sunan kowace na'ura da mabuɗin filinta da adireshinta, a ba mutum biyu a kamfanin, kuma a gwada su sau ɗaya a kan asusun gwaji tun ba a buƙace su ba.